Saƙon da Kafinta Ya Yi wa Gurguwar Fahimta

Ranar da Kafinta ya fara shiga ajin koyon Turanci na manya, garin katako na nan a girarsa. Malama tana gaban allo, ta rubuta "cross" da manyan baƙaƙe. Da ta juyo idonsu ya haɗu, sai ya rasa inda zai zauna.

"Kalmar nan wayo gare ta," in ji ta. "Tana nufin tsallaka titi. Tana nufin ja wa rubutu layi a soke shi. In mutum ya yi fushi ma ita ake faɗa."

Biyu ya rubuta. Ta ukun ta wuce shi yana kallon Malama.

Kafin wata uku ya gyara duk kujerun ajin, har waɗanda lafiyarsu ƙalau.

"Kafintana, wannan ai jiya ka gyara ta."

"Ciwon ya dawo, Malamata."

Don ya goge, kullum sai ta tura masa saƙo ɗaya da Turanci.

Babanta, tsohon hedimasta, bai ji daɗin zancen soyayyarsu ba. Shi ɗan amininsa yake so, wani likitan ido mai mota. A tsakar gida ya ce, Kafinta na jiyowa daga ƙofa, "Duk karatun nan naki, ki rasa wanda za ki kawo mini sai mai zarto?"

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Duk da haka ya roƙi baffansa su je gaisuwa ranar Asabar. Da safiyar ranar, yana goge takalmi, saƙonta ya shigo:

"Baba is cross. Don't come today."

Ya buɗe littafinsa. Tsallakawa. Sokewa. Wato Baba ya soke maganar. Sai ya rubuta mata:

"Na gane, Malamata. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ya cire layin wayarsa, ya karɓi aikin rufin wata makaranta a gari mai nisa.

Wata biyar yana buga ƙusa. Ya rame har wandonsa sai da ƙarin huji a bel. Duk ajin da ya rufa sai ya tsaya ya kalli bangon da za a kafa allo, idonsa ya ciko da ƙwalla. In abokan aiki suka tsokane shi, sai ya ce ƙura ce ta shige masa ido.

Wata ranar Talata aka ce yana da baƙo. Ya sauko daga tsani, sai ga babanta a tsaye da sanda, baffan Kafinta a bayansa.

"Tun da ka tafi 'yata ba ta ƙara riƙe alli ba," in ji tsohon. "Likitan ma da kansa ya janye. Me ta yi maka?"

Kafinta ya nuna masa saƙon. Tsohon ya gyara tabarau ya karanta sau biyu.

"Yaro, fushi ta ce ina yi. Kuma na yi. Bayan sati biyu na huce, na ce a kira ka, aka ce ka ɓace."

Kafinta ya zauna a kan katako.

A falon gidansu ya same ta, fuskarta ta faɗa. Ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Ko tambaya ɗaya ba ka yi mini ba."

"Tun farko nake jin ban kai ba," ya ce. "Da na ga abin da nake tsoro a rubuce, sai na yarda."

"Ni ce ya kamata ka yarda da ita."

Ta yi kuka, shi ma ya yi. Sai da ya yi sati uku yana zarya kafin ta yafe masa.

Bayan wata biyu aka ɗaura. Da jama'a suka watse, tsohon ya riƙe hannun angon, ya daɗe yana shafa kantar da ke tafin.

"Na raina hannun nan, ka yafe mini. Ga 'yata. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

Amarya ta sunkuyar da kai, ta riga kowa cewa amin.