Ƙulli na Biyu a Kan Sikeli

Muna zaune tsakar ɗaki muna shafa wa kabeji barkono, na kimchi, tsimin kabejin da muke ajiyewa don hunturu, 'yata Myeongja ta yanke hukunci a kan auren 'yarta Seola.

"Sarƙar hannu ta lu'ulu'u, mai duwatsu a jere kewaye da hannu, wadda kuke ce wa 'yar tanis. In uwar angon ba za ta saya ba, babu aure!"

"Haba Umma!" in ji Seola. "Miya fa matar nan take sayarwa a kasuwa, ga mijinta ya rasu..."

"Ni na kashe shi? Bargunan alharini na kai musu kamar yadda aka saba, su ma su yi wa amarya abin da aka saba. An saya wa 'yar ƙanwata, ke ce za ki fita da hannu kamar muciya?"

Seola ta fashe da kuka, hannu duk barkono, ba damar share ido. Ni na haifi Myeongja, amma ba zan rufa mata asiri ba: tun tana yarinya kwanon wani take leƙe.

Ranar Asabar muka ɗunguma Jongno, layin masu gwal. Angon, Dogyeom, yana jiranmu da uwarsa, 'yar tsamurarriyar mata. Mai shago ya shimfiɗa sarƙoƙi uku a kan baƙin ƙyalle.

"A gwada," in ji shi, "yatsa ɗaya ya shiga tsakaninta da fata. A kuma duba maɗaurin, kulle biyu gare shi."

Myeongja ba ta duba komai ba, mafi manyan duwatsu ta nuna. Aka ɗaura wa Seola. Da aka faɗi kuɗin, Dogyeom ya dubi uwarsa, amma ita ko gezau. Ta zaro ƙulli biyu daga jaka, ta kwance na farko. Zobban gwal ne 'yan mitsi-mitsi, waɗanda dangi ke kawo wa yaro ranar da ya cika shekara ɗaya. Na Dogyeom ne. Aka auna, ba su kai ba. Ta kai hannu kan na biyun, wani jan ƙulli.

Caraf Dogyeom ya riƙe ta. "Umma! Na Dohwa ne fa wannan!"

"Yaya, wace ce Dohwa?" in ji Seola.

"Ƙanwata. Tana shekara uku ta rasu."

"Sakar min hannu," in ji uwar, muryarta ko rawa babu. "Matacce ba ya sa zobe. Mai shago, auna."

Mai shago ya tsaya da sikeli kamar an dasa shi. Na dubi 'yata, na ga bakinta a buɗe, na ce yau dai kunya ta kama ta. Ina! Sai cewa ta yi, "To... ai ita ta ga dama." Saura ƙiris in kwaɗa mata mari a gaban surukai.

Seola kuwa tana ta kokawa da maɗaurin. "Yaya, cire min! Cire min ita, ƙona ni take yi!"

Ashe da sauran rina a kaba. Uwar Dogyeom ta miƙe tsaye. "Ke yarinya, raina ni za ki yi a bainar jama'a? Na ce zan saya! Ba za a ce gidanmu ya ɗauki amarya hannu wofi ba."

Ga uwa, ga suruka. Seola ta share fuska da hannun riga, ta bi gilashin sarƙoƙin da kallo har ƙarshe, ta nuna wata siririya, duwatsunta kamar ƙwayar riɗi.

"Mama," ta ce wa uwar Dogyeom, "wannan nake so. Tun shigowarmu a kanta idona yake. Waccan nauyi gare ta, in ina taya ki juya miya ai cikin tukunya za ta faɗa."

Ƙarya ce, kowa ya sani. Ƙullin farko ya ishi siririyar. Seola ta ƙara ɗaure jan ƙullin tam, ta sunkuya, ta miƙa wa uwar Dogyeom da hannu biyu. Sai a lokacin matar ta rushe da kuka. Myeongja ta figi jaka ta fice.

Hunturun nan kaf ba ta ce wa 'yarta uffan ba, ranar bikin da aka sa ma ta soke ta. Seola ba ta gudu ba, ba ta mayar da magana ba. Kullum da safe ta kai mata shinkafa da miya, ta gaishe ta, ta tashi ba amsa. Dogyeom ya zo da kwalin lemo, a mayar da shi daga bakin ƙofa, mako ya zagayo ya sake zuwa.

Wata safiya, ƙanƙara ta fara narkewa, Myeongja ta tarar da Seola tana fama da maɗaurin sarƙar, hannu ɗaya da haƙori.

"Kawo nan, sakarai, kar ki karya."

Ta ɗaura mata, ta daɗe riƙe da hannun. "Ki ce wa yaron nan ya turo uwarsa a sa rana."

An yi biki, na ci na ƙoshi. Ku 'yammata masu leƙen gilashin shago, kafin ku miƙa hannu ku tambaya me aka kwance aka saya muku. Mai haƙuri ta samu miji da uwa biyu, mai kwaɗayi kuwa hunturu guda ta yi tana cin shinkafa da kunya.