Layin Da Mudathir Ya Manta

A wani ajin koyon rubuta manhaja a unguwar Federal Low-Cost Mudathir ya fara ganin Najiba. Shi ke koyarwa, ita kuwa tana hararar kwamfutarta.

"Malam, shafina ya ƙi buɗewa."

"Sai saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta fara aika wa burauza mai buɗe shi umarni, shi ne header, sannan shafin ya biyo. Ke kin sa shafin a gaba."

Ta gyara, ta ɗago tana murmushi. Ranar har ya kai gida Barunde bai daina tuno murmushin ba.

Kafin shekara ta zagayo ta zama "Najina", shi kuma "Malamina". Iya, mahaifiyarsa, har ta fara tara atamfofin lefe.

Alhaji, mahaifin Najiba, sharaɗi ɗaya ya gindaya: gwajin jini. 'Yarsa AS ce, kuma ya taɓa binne ɗa saboda sikila. Mudathir ya ce shi AA ne, ya sake gwaji a wani ɗakin gwaji da shi ya gina musu shafin duba sakamako. Shafin lamba kawai yake nunawa, ba suna. Alhaji ya je shagon intanet ya duba da kansa. AS ya gani.

Saƙon Najiba ya shigo: "Me ya sa ka yi mini ƙarya? Ka san abin da ya kashe yayana."

"Najina, wallahi kuskure ne. Ki saurare ni."

Ta toshe lambarsa. Ya kai takardar asali, Alhaji ya ce wanda ya gina shafi ba zai kasa buga takarda ba.

Shekara biyu suka wuce. Hamman, ɗan abokin Alhaji, ya nemi aurenta, ta yi ta ja masa rai. A tsakanin nan Iya ta rasu.

Sai ɗakin gwajin ya ɗauki Najiba gyaran shafinsu, don mutane na ƙorafin ganin sakamakon wasu. Ta gano babu header ɗin da ke hana burauza ajiye tsohon shafi. A kwamfutar haya, sakamakon wanda ya riga ka za ka gani. Ta ƙara layin, ta rubuta wa Mudathir:

"Malamina, ka manta Cache-Control: no-store. Sakamakon wani mutum ne Baba ya gani. Ka yafe mini."

Ya same ta a ƙofar gidansu a Tumfure, ya rame.

"Ba mu kaɗai ba ne, Najina. Wa ya san gida nawa na raba?"

Tare suka sa aka kira duk wanda ya yi gwaji a wurin. Alhaji da kansa ya raka Mudathir sabon gwaji, aka samu AA, ya riƙe hannunsa ya nemi gafara.

Aka ɗaura aure bayan Sallah. Da aka kai amarya, ta buɗe akwatin lefe ta tarar da atamfofin Iya, a naɗe yadda ta bar su. Ta rungume su tana kuka.

"Allah Ya ji ƙanta," in ji Mudathir a hankali. "Allah Ya ba mu zaman lafiya."

"Amin, Malamina."