Dozimetir a Ƙarƙashin Matashi

Aisa tana kwashe tuwo bayan magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran unguwar Birni ne. Na biyu ya faɗo tsakar gida kusa da ƙafarta, ta taɓa shi ta ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. A lungu babu motsin kowa.

'Yarta Rahina ta dawo gida goyon ciki, amma ba ta bar aiki ba, don ita kaɗai ke ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibiti a hanyar Takieta. A wurin aikin ana ba ta wani ɗan abu da ake maƙalawa a ƙirji, dozimetir, wanda ke ƙirga hasken injin da ya shiga jikin ma'aikaci. Duk ƙarshen wata ake aika shi Yamai a duba. Aisa ta ɗauke shi maganin tsari. Tun da cikin ya fito ta roƙi Rahina ta bar shi ƙarƙashin matashinta, ya tsare jaririn lokacin barci. Cikin fari ne, kunya ta hana Rahina yi wa uwarta gardama a kansa. Haka abin ya riƙa zuwa Yamai yana dawowa wai lafiya lau.

Duwatsun ba su daina ba. Kowace magariba sai sun zo, bayansu kuma kukan yara daga cikin bango, siriri, kamar na masu ƙuna. Rahina ta bar cin abinci, gashinta yana zuba a matashi. Ran da cikin ya yini bai motsa ba, ta faɗi bakin randa, ta tashi da muryar da ba tata ba.

Aisa ta fita ko takalmi babu, ta zo da Mala Kassim, malamin da ke ruƙiyya a unguwar. Ya zauna ya yi ta karatu har fitilar maƙwabta ta kama.

"Ke wace ce?" in ji shi.

"Mai tsamiyar bayan ɗakin hoto," in ji muryar. "Mu da aka halitta da wuta, ga wata wuta tana cin mu. Ba ta da haske, ba ta da hayaƙi. Yarinyar nan tana danna abu, sai ta keto bango. Ɗana ya mutu, Mala. A ba ni na cikinta."

Aisa ta zube ƙasa. "Don Allah, baiwar Allah, ki ɗauke ni. Ni na tsufa."

"Rai na Allah ne, ba a biyan bashi da shi," in ji Mala Kassim. "Faɗi abin da ɗan Adam zai iya."

Muryar ta yi wata dariya mara daɗi.

"Kuna tsammanin mu kaɗai take ci? Injin ya tsage. Ita ma yarinyar tana sha, da matan da ke jira a bencin bayan bangon. Mai shaidar da zai faɗa musu yana nan kwance ƙarƙashin matashi. Tsohuwa ta kwantar da shi."



"A rufe ɗakin," in ji muryar. "A gyara injin, a sa darma a bangon. Zan kwashe sauran 'ya'yana in tafi. Amma ka sani, Mala, ni ban taɓa cikin nan ba. Abin da ya same shi ba nawa ba ne."

"Gobe da kaina zan je wurin majo, shugaban asibitin," in ji Aisa, tana kuka. "In kwanta a ƙofar ɗakin in ta kama."

Rahina ta yi atishawa, jikinta ya saki. Kukan bango ya ɗauke.

Aisa ta shiga ɗaki ta ɗaga matashin. Ta dawo da ɗan abin a tafin hannu, ta miƙa wa 'yarta, ta kasa kallon idonta.

"Inna," in ji Rahina a hankali, "ba ya karewa. Faɗa kawai yake yi."

"Na ji, uwata. Na ji."

Ta ɗora hannu kan cikin, Rahina ta ɗora nata a kai. Aka kira isha'i, ba wadda ta tashi. Suna nan suna jira.