Tuwon Gidan Manaja

Duk wanda ya tashi a Kusfa ya san Haidar tun kafin a fara ce masa Manaja. Ɗan gidan malamai ne, ya yi boko, ya sami aiki a wani ƙaramin banki da aka buɗe a cikin birni don 'yan kasuwar hatsi da masu ɗinkin manyan riguna. Albashinsa na riƙe gida, amma Haidar irin mutanen nan ne da in mota ta wuce sai sun raka ta da ido har ta sha kwana. Wadatar zuci kam, ba ya nan aka raba.

Wani abokin aikinsa ne ya yi masa kwatancen boka a bayan dutsen Kufena. Ya je da rana tsaka, lokacin da ko awaki sun nemi inuwa. Wurin wani tsagi ne tsakanin duwatsu, an rufe bakinsa da jan ƙyalle da ya koɗe. Ciki sanyi kamar rijiya. Tukwane jere a jikin dutse, kowace an ɗaure bakinta da fata, kuma wani gunaguni na tashi daga cikinsu ƙasa-ƙasa. Bokan, wani tsoho siriri a kan buzun baƙin bunsuru, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kuɗin wa kake so?"

"Nawa nake so, Baba."

"Babu naka a nan. Na mutane kake so su kawo maka, ka cinye, a rasa yadda za a yi da kai."



"Za su kawo," in ji tsohon. "Har na ƙarƙashin katifa. Amma kuɗin talaka da bakinsa yake tafe. Ranar da ya ce Allah ya isa, dole maganar ta sami inda za ta sauka. Abin da kake ji a tukwanen nan ke nan."

"A kaina za ta sauka?"

"In ka so. In ba ka so ba, akwai hanya."

Ya jawo wata baƙar muciya, ya yanka zakara a kanta, ya shafe jinin da toka. Ya bi tukwanen yana kwance bakinsu yana tsoma ta, kuma duk wadda ya tsoma sai gunaguninta ya ɗauke.

"Matarka ta riƙa tuƙa tuwo da wannan. Kai kada ka ci. Duk wanda ya ci ya rage maka bakin mutane. In masu ci suna da yawa, kaɗan-kaɗan za su ɗauka: ciwon kai, mugun mafarki, mutuwar akuya."

Haidar ya ji dariya ta zo masa. A layinsu kullum bayan magariba magidanta ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Sadiƙu, tsohon maɗinkin riguna, kowa ya fito da kwanon gidansa a yi ciyayya. Masu ci ai ba sai ya nema ba.

"Ba ka da sauran tambaya?" in ji bokan.

"Babu, Baba."

"To."

Da sauran tambaya, amma ba irin wadda za ta zo wa ɗan birni ba ce. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin an mayar wa maƙwabci da kwano a cike ba.

Ya ce wa matarsa Tayyiba muciyar ta farin jini ce, wani malami ya ba shi, tuwon waje kaɗai za a tuƙa da ita, na gida a ci gaba da tsohuwar. Ba ta kawo komai a ranta ba. Tuwon kuwa ya yi daɗin da ko loma ba ta dawowa.

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Manoman ƙauye suka sayar da masara suka kawo, zawarawa suka kawo gadon marayu, Malam Sadiƙu ya kawo abin da yake tarawa don aikin Hajji. Haidar ya zama manaja. Shi da manyansa suka riƙa kwashewa suna sayen filaye da dala. Ya rushe gidan ƙasar ubansa ya tayar da bene, ya sayi motar da ba ta iya shiga lungunsu. A wurin ciyayya yakan ce likita ya hana shi tuwo, ya zauna yana kallon maƙwabta suna ci suna sa masa albarka. In wani ya yi ƙorafin ciwon kai, har magani yakan saya masa.

Sai shekarar wahalar kuɗi ta zo, kowa ya tashi neman nasa a lokaci guda. Aka fara da "babu netwok", aka koma "ku dawo gobe", ranar nan aka wayi gari da kwaɗo a ƙofar banki. Jama'a suka cika titi. Wata tsohuwa ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu tana kuka.

"Ba gwamnati ba ce ta karɓi kuɗina! Hannun ɗan gidan malamai na danƙa wa! Allah ya isa!"

Titi ya amsa gaba ɗaya. Haidar ya sulale ya bar gari, ya ɓuya a wani otal. Abu ɗaya yake nanata wa Tayyiba a waya: "Kome ake ciki, kada a fasa fitar da tuwon waje."

Ba a fasa ba. Amma da aka ajiye kwanon a tabarma, Malam Sadiƙu ya dube shi, ya mayar da murfin.

"A mayar mata. A ce ba ita muke fushi da ita ba, amma mun gama cin abincin gidan nan."

Babu wanda ya miƙa hannu. Tayyiba kuwa ba a yi mata tarbiyyar zubar da abinci ba. Ita baƙin ciki ya hana ta ci, sai ta zuba wa surukarta, ta zuba wa ɗanta Aminu da 'yarta Ibtisam. Washegari ma haka, jibi ma haka. Kunya ta hana ta gaya wa mijinta unguwa ta ƙi kwanonsa.

Abin da aka shirya wa layi guda ya sauka a kan mutum uku. Mahaifiyar Haidar ce ta fara rasuwa, tana toshe kunnuwa tana roƙon a ce wa mutanen nan su yi shiru. Ba a tashi daga zaman makokinta ba Aminu ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Maƙwabtan da aka cuta su suka ɗauki gawa suka yi sutura, don fushi bai hana su sanin haƙƙi ba.

Da Haidar ya lallaɓo gida ya tarar da Ibtisam a ɗaure da turmi. Yarinyar da ke shirin shiga jami'a ta ɗago ta dube shi, ta buɗe baki, muryar tsohuwar nan ta ƙofar banki ta fito: "Hannunka na danƙa wa." Sai muryar wani manomi, sai ta Malam Sadiƙu, ɗaya na bin ɗaya, har bakinta ya tsage da jini.

"Me ke cikin muciyar nan, Alhaji?" in ji Tayyiba. "Da hannuna na zuba musu. Ka gaya mini me na ba 'ya'yana!"

Ya kwashi sauran tuwon a kwano ya nufi Kufena a guje.

Bokan na nan inda ya bar shi. "Na tambaye ka ko da sauran tambaya."

"Baba, yarinyar kaɗai ta rage mini. Ka faɗi ko nawa ne."

"Ba na kuɗi ba ne. Abin da ke kwanon nan shi ne ragowar. Ka cinye, ya dawo kan mai shi, ta tashi lafiya. Ko kuwa wani ya ci maka."

Haidar ya buɗe kwanon. Tuwon na tururi kamar yanzu aka kwashe. Ya gutsura, ya kai har bakinsa, ya ji gunagunin na tasowa daga cikin lomar. Yana son 'yarsa, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ya mayar da lomar ya rufe kwanon.

Hukuma ta ƙwace benen, Tayyiba ta koma gidan iyayenta da Ibtisam a mari. Shi kuwa har yau yana yawo a lungunan birni, rigarsa ta zama tsumma, kwano a hannu, yana tare mutane.

"Don Allah loma ɗaya. Da zafinsa. Ku taimaki yarinya."

Mutane na ratse masa. Maganin 'yarsa na hannunsa, bakinsa na nan lafiya lau, amma har yanzu wanda zai biya masa yake nema.

Kai da ke riƙe da amanar jama'a kana lissafin yadda za ka zame ka bar wasu da ɗauka, ka sani haƙƙi ba ya ɓatan hanya. In ya zo ba ka nan, waɗanda ka fi so zai tarar a gida.