Kalar Fuskar Malam Suleiman

Ranar da Yisa ya fara ganin Husna, rungume yake da laftof ɗinsa kamar mai kai yaro asibiti. Allonta ne ya fashe a cikin keke napep, ga shi da ita yake cin abinci, don gyaran hotunan biki da na suna ne sana'arsa a wani ɗan shago a unguwar Tunga. Husna kuwa tana jiran wani shagon kayan kwamfuta kusa da Mobil, ranar kuma maigidan ba ya nan.

Yisa ya ce monita, wato allon kwamfuta na daban, yake so ya riƙa jonawa, tunda an rasa allon irin tasa a duk garin. Ta kunna masa waɗanda ke akwai, ta nuna wani babba mai hoto garau, wanda ake iya ganin zaren atamfa a cikinsa. Sai dai kebul ɗinsa ya ƙi shiga, ramin laftof ɗin ƙarami ne. Ta lalubo wata adafta marar suna, 'yar mahaɗar kebul, a cikin durowa, ta jona, hoto ya fito.

Shi dai Yisa ba hoton yake kallo ba. Husna yake kallo. Baƙa ce wuluk, mai fararen idanu, ba ta da yawan dariya. Ya biya, ya fita, ya dawo wai ya manta bai tambayi yadda ake kashewa ba. Mutumin da ya shekara yana aiki da kwamfuta!

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malama Husna, monita yana aiki lafiya. Mai monitan ne ba shi da lafiya tun da ya bar shagonku."

Sai washegari ta amsa: "Mai hoto, mu kaya muke sayarwa. Asibiti yana gaba da mu."

Daga nan zance ya miƙa. Ya fara zuwa gidansu a Chanchaga, yana kiranta Husnata, ita kuma ta ƙi sakin Mai hoto. Gidan shiru ne da shi. Daga ita sai mahaifiyarta, Hajiya Murja, wadda ke sayar da hatsi a Kasuwar Kure tun rasuwar mijinta, Malam Suleiman, lokacin Husna tana rarrafe. Hajiya ba ta ƙi Yisa ba, ba ta kuma so shi ba. Hankalinta ya fi kwanciya da Umar Faruk, ɗan aminin marigayi daga Wushishi, wanda ta san gidansu ciki da bai. Yisa ɗan Bida ne, kuma a ganinta mai hoto mutum ne da ke wuni yana shafa wa amare farin da Allah bai ba su ba.

Hoton Malam guda ɗaya ne tak a duniya, yana rataye a ɗakin Hajiya. Da damina rufi ya yi yoyo, ruwa ya shiga bayan gilashi ya cinye kalar fuskar, ya bar hula da babbar riga da ɗan gefen wuya. Hajiya ta daina cin abinci sosai. Husna ta ga dama ta samu, ta lallaɓa ta har ta yarda a ba Yisa ya gyara.

Ya yi aikin nan bakin rai bakin fama. Ya ajiye ayyukan mutane, ya mayar da ido, ya mayar da hanci, ya mayar da gemu. Kalar fata kuwa daga gefen wuyan nan ya ɗauko, amma a monitansa wurin ya fito baƙi ƙirin, ba a rarrabe komai. Ya riƙa ƙara haske har fuskar ta zauna daidai a idonsa. Ya tura wa masu bugawa, da yake yana ɗoki ya ce su sa a firem su naɗe, Hajiya ce za ta fara buɗewa. Wannan ɗokin ne ya kai shi ya baro.

Da Hajiya ta yaye takardar, wani mutum ne fari tas ya dube ta, sanye da hular mijinta.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kifa hoton a kan tabarma.

"Wannan ba mijina ba ne," ta ce. "Baƙinsa ne bai yi maka ba, ka wanke shi kamar amaren da kake wankewa? Mutum yana kabari ma ba ku bar shi da fatarsa ba."

Yisa ya rantse ba haka ya gani ba. Ta ce ta ji, amma wanda ya ga baƙin uba aibi ne, wata rana zai ga na 'yar. Ta roƙe shi da girman Allah kada ya sake taka mata gida.

Husna ta yi kuka har idonta ya kumbura, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma zuciyarta ta fara raya mata ko gaskiya ne. Ta sha ganin hotunan amaren da ya gyara, duk farare. Ta rubuta masa: "Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. In da hotona ne, da ni ma ka ƙara mini haske?"

Ya amsa: "Husnata, ko ɗigo ba zan taɓa ba. Ban san abin da ya faru ba, amma wallahi ba baƙin Baba na ƙi ba."

Ba ta mayar da amsa ba. A makon nan Umar Faruk ya fara zuwa da buhun shinkafa da gaisuwa mai tsawo. Yaron kirki ne, ba wanda zai ce ga laifinsa, kuma wannan ya ƙara wa Yisa baƙin ciki.

Yisa ya rame, ya yi zuru-zuru. Abokinsa Meshach, wanda ke da ɗan wurin buga katunan biki a Bosso, ya gaji da ganinsa haka, ya ce ya kwaso laftof da monita da duk tarkacensu ya zo. Suka buɗe hoton a allon Meshach, sai ga Malam fari. Suka buɗe a na Yisa, sai ga shi baƙi daidai wa daida. Meshach ya cire adaftar nan, ya sa wani kebul na ainihi da ya dace da ramin laftof ɗin, nan take fuskar ta yi fari a monitan Yisa ma. Ashe ta hanyar adaftar, laftof da monita ba su daidaita a kan inda baƙi yake farawa ba, duk abin da ya ɗan yi duhu sai ya nutse gaba ɗaya. Yisa ya tuna amaren da suka riƙa yaba masa wai ya iya fito da mutum, ashe haske yake ƙara musu bai sani ba.

Meshach ya manna wata 'yar na'urar auna kala a kan allon har ya daidaita, sannan ya ce, "To oga, je ka faɗa wa Mama, laifin adafta ne."

Yisa ya girgiza kai. Ya san wadda ta lalubo adaftar daga durowa, kuma ba zai kai sunanta gaban uwarta ba. Meshach bai iya irin wannan kawaicin ba. Ya je shagon da kansa ya gaya wa Husna komai.

Da ta koma gida ta durƙusa ta faɗa wa Hajiya cewa ita ce ta ba shi abin da ya ɓata masa gani. Hajiya ta ce na'ura ba ta da ido, amma shi yana da shi, kuma a bar maganar. Husna ta ɗago.

"Mama, ni ban san kalar Baba ba. Hoton nan kawai na sani, shi ma ruwa ya cinye. Ke kaɗai kika rage da kika san fuskarsa. Ran da babu ke, shi ke nan ya tafi."

Hajiya ta tashi ta shige ɗaki. Sai ranar Juma'a da safe, tana ɗaura ɗankwali, ta ce, kamar da bango take magana, a gaya wa yaron nan ya zo da akwatin nasa.

Ya zo bayan sallah da monita a cinya cikin keke napep, Allah Ya taimaka akwai wuta. Ya jona a tsakiyar falo, ya zauna a ƙasa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ya ce, "Mama, ni ban san shi ba. Ke za ki gyara, ni hannu ne kawai."

Ya fara rage haske a hankali. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara. Ta ce goshin ya fi haka sheƙi, don Malam bai rabo da man kaɗe. Ta ce ƙarƙashin idon ya fi duhu, leɓen kuma ba ja ba ne. Ta matso da kujera har numfashinta yana taɓa allon. Ta ce a ƙara kaɗan. Sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya."

Hajiya ta kai yatsa kusa da kuncin mutumin da ke allon, ba ta taɓa ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Husna, zo ki ga babanki," ta ce.

Umar Faruk ya janye da kansa cikin mutunci, da ya ga inda zuciyar yarinyar take. Bayan Babbar Sallah manyan Yisa suka zo daga Bida, ƙanin Malam ya zo daga Wushishi ya yi waliyyi, aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Biki ne marar hayaniya, an ci an sha, an yi kuka fiye da yadda aka yi guɗa.

Da la'asar, da motocin kai amarya suka iso, Hajiya ta sa aka kira ango. Ta kama hannun Husna ta ɗora a nasa, ta ce ita ke nan gare ta, ba ta da wata. Ta ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya sa su ga juna da idon rahama har tsufa. Yisa ya ce amin a hankali.

Motoci suka tashi, mata suka watse, gidan ya koma shiru fiye da da. Hajiya ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Malam," ta ce, "an kai 'yarka ɗakinta."