Takun Taɓarya

Ina roƙon gafarar masu karatu, domin sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau hannuna bai faɗa ba. Ɓacin rai ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A unguwarmu a Gagarawa akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da kakarta, Iya Kande, mai fama da ciwon suga. Likita ya rubuta wa tsohuwar ƙwayoyi, ya kuma umarce ta da tafiya a ƙasa kullum.

Ɗanta Bilal, wanda yake aiki a Gumel, ya sayo mata agogo mai ƙirga taku.

"Iya, taku dubu huɗu a rana," in ji shi. "Duk Asabar zan zo in duba."

Bayan ya tafi, Iya Kande ta harari agogon. "Ni da na haife shi, shi zai ɗaura mini ɗan sanda a hannu?"

Wata rana yarinyar ta ɗaura agogon don ado, ta shiga dakan gero. Da ta gama, sai ta ga lamba ta haura dubu uku. Ashe duk saukar taɓarya, agogon yana ƙirga ta a matsayin taku.

"Tsohuwa, kin huta!" ta ce. "Turmi zai riƙa yi miki tafiya."

"Ja'ira! Allah ya yi miki albarka," in ji Iya Kande, ta miƙe ƙafa a tabarma.

Ku duba wannan aika-aika! Mako uku cur yarinya tana daka, tsohuwa tana kishingiɗe, ciwo yana cin jikinta.

Da Kawu Bilal ya ga dubu tara, sai ya yi dariya. "Iya, ko Maigatari kike zuwa a ƙafa?"

Ranar komawa asibiti, yarinyar ta raka su. Likita ya auna jini, ya dubi agogon, ya girgiza kai.

"Hajiya tana ƙoƙari, amma sugan hawa yake yi. Tunda tafiya ba ta taimaka ba, sai mu koma allura kullum."

Iya Kande ta dafe ƙirji. Babu abin da take tsoro a duniya kamar allura.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Likita, ba takunta ba ne. Na taɓarya ne. Ni nake ɗaurawa in yi daka."

Ran Kawu Bilal ya ɓaci ƙwarai. "Ke! Mako uku ina murna, ashe turmi nake yi wa barka? Iya, har da ke?"

"Tausayinta na ji, Kawu. Gwiwarta tana ciwo."

"Wannan ba tausayi ba ne," in ji likita, fuskarsa a ɗaure. "Saura kaɗan in sauya magani a kan lambar ƙarya. Na ba ku wata ɗaya. Ta sha ƙwayoyinta, ta taka da ƙafarta, ko da kaɗan-kaɗan ne."

Tun daga ranar, da an sallame la'asar, yarinyar takan kama hannun kakarta su nufi bakin gona. Ranar farko taku ɗari bakwai suka yi.

"Za ki kashe ni, 'yar nema!"

"Taka dai, tsohuwa, ko a kira mai allura."

Da wata ya cika, sun kai dubu huɗu. Likita ya auna, ya yi murmushi, ya ce babu allura. Iya Kande ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti.

Yara, ana iya yaudarar agogo, amma ba a yaudarar jiki. Wanda kuke ƙauna, ku taimake shi da gaskiya.

Inda na yi kuskuren harafi ko na kalma, ina roƙon malamai da ɗalibai su gyara mini, kada su ji nauyin shekaruna.