Kira na Uku a Gidan Likitan Haƙori

Ranar Talata da yamma, ana gab da magariba, Umma ta miƙo min kwandon roba ta ce in hau saman bene in kwaso shanya kafin raɓa ta sauka.

Ba ita ta haife ni ba. Kwanana uku ke nan a gidanta. Mu goma sha huɗu makarantarmu ta turo wannan gari a tsarin musayar ɗalibai, mu yi sati biyu muna karatu a makarantarsu, kowa a sauke shi gidan iyayen wani ɗalibi. Malamar lissafi ce ta rako mu. Ni ce monitar aji, shekarata sha shida, kuma da aka karanto rabon gidaje sai na faɗa inda kowa ke kwaɗayi, wato benen likitan haƙori.

A ƙasa asibitinsa yake. Tun daga ƙofa za ka ji warin maganin goge ƙasa da na kanumfari, da kukan injin huda haƙori mai shiga har cikin ƙashi. A hawa na biyu suke zaune, shi da matarsa Umma da 'yarsu tilo, sa'ata, wadda suke kira Lele. Da sunanta suka karɓi baƙuwa, amma ban taɓa ganin ta sa kayan makaranta ba. A teburin cin abinci takan zauna hannuwanta a kan cinya, idonta a bango, ba ta ci, ba ta magana. Umma ta ce ciwon kai ne ya kwana biyu yana damun ta.

Tun daren farko aka ba ni gadonta. Washegari Umma ta jiƙa duk kayana na gida, wai ƙurar hanya, ta ba ni rigunan Lele in riƙa sawa. Sannan ta riƙe hannuna, idonta ya ciko.

"'Yata, ki yi min alfarma ɗaya. Ki bar ni in riƙa kiran ki Lele. Na daɗe ina kira ba a amsa min."

Wa zai ƙi? Na ce babu komai, Umma.

Na hau da kwandon. Saman benen fili ne na siminti, da igiyoyin shanya uku da baƙin tankin ruwa a kusurwa. Famfon tankin yana ɗiga, ɗis, ɗis, cikin wani tsohon bokiti. Sai da na cire riga ta biyu na lura da ita. Lele ce zaune a ƙasa, ba takalmi, ta jingina da tankin. Wani wari na tashi daga wajen, kamar an ƙona gashi an kashe da ruwa.

Na ce, "Sannu da jiki."

Ko motsi ba ta yi ba.

Daga ƙasan matakala muryar Umma ta taso, a hankali, da daɗi.

"Lele!"

"Na'am, Umma!"

Famfon ya daina ɗiga. Lele ta juyo da kanta ta dube ni, karo na farko tun zuwana. Na kwashe kayan na sauko da gudu-gudu. Umma ba ta ce min ga abin da ta kira ni dominsa ba.

Da safe hannuna na hagu ya yi sanyi kamar ba nawa ba. A makaranta na ɓoye shi a aljihu, na ci gaba da cika baki da ruwan zafin wanka da katifa mai laushi. Wadda ta fi kowa sauraro ita ce Tabarau. Haka muke kiran ta saboda kaurin gilashin idonta. In'ina gare ta, shi ya sa ba ta gama zance sai an yi mata dariya, kuma ni nake fara dariyar. Duk da haka ita ke riƙe min jaka, ita ke yi min aikin lissafi. Ita gidan wani direban bas ta faɗa, yara shida, banɗaki ɗaya.

Ta ce, "Tsa-tsakanin biyu nake kwana, Monita. Ɗaya na shuri, ɗaya na fi-fitsarin kwance."

Muka fashe da dariya. Ita ma ta taya mu.

Laraba da magariba Umma ta sake miƙo kwandon. Da na hau sai na ga rigunan jiya ne, su ɗin dai, a bushe ƙarau, an sake shanya su. Lele tana wurinta na jiya. Warin ya ƙaru. Na yi niyyar in juya.

"Lele!"

Tun ina ƙarama aka koya min ba a yin shiru idan babba ya kira. Bakina ya riga hankalina.

"Na'am."

Wani abu ya sauka a tsakanin kafaɗuna, mai nauyi, mai danshi, kamar an ɗora min jiƙaƙƙen buhu. Na waiga. Babu kowa. Sai Lele, ta saki wani dogon numfashi kamar wadda aka sauke wa kaya.

A teburi ranar Lele ta ɗauki cokali da kanta, ta ci shinkafa loma biyu. Umma ta rufe baki da mayafi tana kuka. Likita kuwa bai ɗago ido daga farantinsa ba, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ni na sa abinci a baki na ji kamar ina tauna takarda. Har gari ya waye fatar idona ta ƙi rufuwa.

Ranar Alhamis na ce kaina na ciwo, ba zan iya hawa ba.

Umma ta yi murmushi. "Ai iskar sama ce maganinsa."

Ta kama wuyan hannuna. Ban san mace na da irin wannan ƙarfi ba. Ta hau da ni mataki-mataki, ta tura ni waje, ta ja ƙofar ƙarfen. Na ji ƙarar shigar sakata.

A ƙasa injin huda haƙori ya tashi. Ƙarfe biyar ake rufe asibitin. Babu marar lafiya ko ɗaya a ciki. Likita ya kunna shi ne don kada maƙwabta su ji.

Rana ta faɗi, sama ta yi ja. Ba shanya a igiya.

"Ke."

Raɗa ce, a dushe. Lele ce. Leɓunanta sun tsattsage, da ƙyar suke motsi.

"Sau biyu kin amsa. Saura ɗaya."

Na manne da ƙofar. "Me kuke so da ni?"

"A nan abin ya kama ni, bayan tankin nan. Shekara biyu ke nan. An kai ni ko'ina. An ce ba zai fita ba sai an ba shi wani gida. Wadda ta sa kayana, ta kwana gadona, ta amsa sunana sau uku."

"Ki taimake ni in fita."

Hawaye ya gangaro mata, fuskarta ba ta motsa ba.

"Shekara biyu ban yi barci ba. Ina ji, ina gani, ba na iya ɗaga yatsa sai ya yarda. Don Allah ki amsa. Na gaji."

Bayan ƙofa, daidai kunnena, Umma ta kira.

"Lele."

Na cusa gefen rigar a bakina na cije.

"Lele, 'yar albarka. Ummanki ce."

Nauyin da ke bayana ya motsa. Na ji kamar yatsu masu sanyi suna lalubo wuyana, suna hawa, suna neman haɓata.

Lele ta miƙe. Ba ta dafa ƙasa ba, ba ta lanƙwasa gwiwa ba. Ta dai miƙe.

Ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ana kiran ki, yarinya. Ba ki da tarbiyya ne?"

Muƙamuƙina ya fara buɗewa da kansa.

Na danne shi da hannu biyu.

"Lele!" Umma ta buga ƙofar. Daɗin muryar ya tafi. "Amsa min, 'yar banza! Kin ci nawa, kin sha nawa! Uwarki tana da wasu 'ya'yan, ni ita kaɗai gare ni!"

Abin ya tako. Taku ɗaya. Biyu.

Warin ya cika min hanci.

Na ruga bakin katanga. A ƙasa, can gefe, rufin kwanon garejin maƙwabta ne. Ban auna nisa ba.

Na yi bismilla a zuci, na faɗa.

Kwanon ya lotsa da ni, ya tsaga min ƙauri. Na gangaro na faɗi kan tulin yashi. Nauyin nan ya ɓalle daga bayana kamar an fizge shi. Na tashi da ƙafa ɗaya, na bi titi ina ɗingishi, takalmi babu, jini na bin sawuna. Har na sha kwana ina jin Umma daga sama tana ƙwala sunan.

A masaukin baƙi na makarantar na sami Malama, ita da wasu 'yan ajinmu da suka zo duba aikin gida. Na faɗa mata cewa mutanen gidan za su cuce ni, ba zan koma ba. Ban ambaci kira uku ba. Na san dariya za a yi min, ni da nake yi wa mutane.

Malama ta ɗaure min ƙafar tana faɗa. Likita ya riga ya bugo mata waya, ya ce na tsorata da 'yarsu marar lafiya na yi tsalle daga bene.

"Kin ba mu kunya, Monita. Mutanen kirki sun karɓe ki hannu bibbiyu. In na ce musu ba kya so, gobe wace makaranta za ta sake gayyatar mu? Ko dai ki koma, ko wata ta yarda ku yi musanye. Ba ni da gado na uku."



Tabarau ta ɗaga hannu a hankali, tana gyara gilashinta.

"Ni-ni zan je, Malama. Ba na tsoron marar lafiya. Ni na yi jinyar ka-kakata." Ta juyo gare ni. "Ki je gidanmu, Monita. Suna da surutu amma su-suna da kirki."

Kalma huɗu kawai ake bukata. Kada ki amsa sunan. Suna bakina. Amma na san idan ta fasa, ni za a mayar.

Na ce, "Famfon ruwan zafin yana ɓangaren hagu."

Ta yi dariya, ta ɗauki jakarta.

Juma'a ta zo makaranta tana ba da labarin katifa, ta ce matar gidan har rigunan 'yarta ta ba ta. Asabar da Lahadi babu karatu. Na zauna a tsakar gidan direba cikin yara shida, ina ƙirga magariba. Ɗaya. Biyu. Uku. Tafiyar minti goma ce tsakaninmu. Ban je ba.

Litinin kujerarta babu kowa. Aka ce zazzaɓi ne, likita na kula da ita.

Ranar komawa gida, muna loda jakunkuna a bas, motar likita ta tsaya. Lele ce ta fara fitowa, cikin kayan makaranta, kumatunta sun ciko, tana dariya tana gaida malamai. Umma ta fito da Tabarau, tana riƙe da gwiwar hannunta, ta zaunar da ita a kujerar kusa da tawa, ta gyara mata ɗankwali. Sannan ta dube ni, ta shafa kaina.

"Allah ya kiyaye hanya, 'yata."

Awa bakwai muka yi a hanya. Tabarau ba ta ƙifta ido ba. Hannuwanta na kan cinya. Na buɗe taga don warin, bai fita ba. Sau ɗaya, da rana ta kusa faɗuwa, hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashinta, fuskar ba ta motsa ba. Na san tana ji. Na san tana gani na.

Ba ta sake komawa aji ba. Mahaifiyarta shara take yi a asibiti, ita kaɗai ke riƙe da su. Ta kai ta wurin likitoci, ta kai ta wurin masu addu'a, ba wanda ya gane kan abin. Ni kaɗai na san maganin, na kuma san abin da maganin ke ci. Ban faɗa ba.

Bayan shekara ɗaya na daure na je gidan. Tabarau na zaune a kusurwar ɗaki, ta rame kamar sanda, idonta a bango. Uwar ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa.

"'Yar nan, ke ce ƙawarta. Ba ki ga komai ba a can?"

"Ban ga komai ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. "Malamarku ta gaya min. Ta ce gida mafi kyau aka ba ki, kika bar mata don ta ji daɗi. Duk ajin nan ke kaɗai kika tako." Ta ɗaga hannuwanta sama. "Allah ya saka miki da irin abin da kika yi mata. Ya yi wa 'ya'yanki irinsa."

Ta tsaya tana kallo na, hannuwan a buɗe, tana jira.

A kusurwa, Tabarau ta juyo da kanta a hankali.

Na ce amin.